Tashe a Cikin Marka: Abin da Damina Ke Yi wa Wasan Azumi a Damagaram

Idan azumi ya kwana goma, yara a ƙasar Hausa sukan fito bayan an sha ruwa an yi asham, ƙungiya-ƙungiya, maza daban mata daban, suna bin gida-gida da kiɗa da waƙa da kwaikwayo. Masu gida su yi kallo, su yi dariya, su sallame su da abin da ya sawwaƙa. Wannan shi ne tashe. Birnin Damagaram, wanda takardun hukuma ke kira Zinder, ya san shi kamar yadda Kano da Daura da Maraɗi suka san shi, kuma manazarta sun daɗe da tattara wasanninsa; littafin Muhammad Balarabe Umar mai suna Wasannin Tashe yana cikin waɗanda ɗaliban adabin baka suka fi sani. Sai dai mai karanta bayanan tashe yakan tashi da hoto guda a ransa: dare mai farin wata, ƙasa busasshiya, rumbu da sauran hatsi a ciki. Hoton gaskiya ne, amma na wasu shekaru ne kawai. Akwai shekarun da yara ke fita tashe hadari na haɗuwa a gabas, lungu ya cika da taɓo, uwargida kuma tana lissafin tsabar da ta rage mata kafin sabon gero ya nuna. Wannan maƙala ta shafi irin waɗannan shekaru, da abin da suke nuna wa mai nazarin harshe game da yadda al'adar ta sauya.

Lissafin wata da lissafin rana

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365 ko 366. Saboda wannan gibi na kimanin kwana 11, azumi yana ja da baya kowace shekara: daga damina ya koma bazara, daga bazara ya shiga hunturu, daga hunturu ya faɗa kaka, sannan ya sake komowa damina bayan kimanin shekara 33. Ruwan da Damagaram ke samu a matsakaiciyar shekara wajen milimita 400 ne, mafi yawansa kuma cikin Yuli da Agusta yake sauka. Ke nan duk lokacin da aka ɗauki azumi a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, goman tsakiya, wadda ita ce ainihin lokacin tashe, a tsakiyar marka take faɗawa.

Ana iya bin sawun wannan haɗuwa a tarihin garin. An ɗauki azumi a farkon Agusta a 1880, cikin shekarun ƙarshe na Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu a 1884. Aka sake a 1913, lokacin da Zinder ke hedkwatar mulkin Faransa a Nijar, matsayin da ta riƙe daga 1911 zuwa 1926. Daminar wannan shekara ce ta ƙi, aka shiga yunwar da Hausawa suka laƙaba wa Kakalaba. Sai 1945 da 1946, sai 1978 zamanin Seyni Kountché, sai kuma 2010 da 2011. Azumin 2010 ya zo ne a tsakiyar ƙarancin abincin da ya biyo bayan daminar 2009, jihar Damagaram kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. A kowane zagaye shekara biyar zuwa shida ne tashe ke yi cikin ruwa: daga 1977 zuwa 1981, alal misali, ko daga 2009 zuwa 2014. Zagaye mai zuwa sai wajen 2043.

Ga abin da wannan lissafi ke haifarwa. Yaro yakan yi tashe ne tsakanin shekara bakwai zuwa goma sha uku ko sha huɗu, wato azumi shida ko bakwai. A cikin wannan tsawo azumi bai matsa da fiye da wata biyu da ƴan kwanaki ba. Saboda haka kowane tsara yanayi guda ya sani, kuma shi yake ɗauka ainihin tashe. Uba da ɗan da ya haifa yana da shekara talatin da ɗoriya suna iya tarayya a tashen damina, alhali wa da ƙanen da ke da ratar shekara goma sha shida, ɗaya a marka ya yi nasa, ɗaya a sanyin hunturu. Yaron da aka haifa a 2015 bai taɓa fita tashe ƙasa na jiƙe ba. Zafin Afrilu da Maris ya sani. Idan dattijo ya ce tashen yanzu ba kamar na da ba ne, mai nazari yana da haƙƙin tambayarsa wane wata azumin yarintarsa ya faɗa, domin wani ɓangare na abin da yake kira sauyin zamani juyin yanayi ne wanda zai komo da kansa. Wani ɓangaren kuwa ya tafi ke nan. Rarrabe waɗannan biyu shi ne aikin.

Wasan kara, wanda Damagaram ta yi suna a kansa, ya isa abin kwatance. Shi ma kwaikwayo ne, matasa suna ɗaukar siffar sarakuna da manyan hukuma, amma sunansa ya ɗaure shi da kara, kara kuwa sai an yi girbi. Yana tafiya da rana, yana samun kayansa a shirye. Tashe wata yake bi, kayan wasansa da abin sallamarsa kuma na gona ne, gona kuwa ba ruwanta da wata.

Kalmar kanta

Saiwar kalmar ita ce tas-. Ana ganin ta a fili cikin taso, aikatau na rukuni na shida a tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960. Idan wasalin gaba, wato i ko e, ya biyo bayan s, sai ganɗantawa ta mayar da shi sh, kamar yadda ake samu a kasa da kashi, ko fansa da fanshi. Ta haka aka sami tashi da tashe. Rubutun yau da kullum, da yake ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ya tara kalmomi da dama a siffa guda:

(1) Ladan ya tashe shi daga barci.
(2) Na same shi a tashe.
(3) Mawaƙin yana tashe a bana.
(4) Yara sun fita tashe.

A (1) aikatau ne mai sa aiki, a siffar da yake ɗauka kafin wakilin suna, irin ta gaishe shi da fisshe shi. A (2) bayanau ne na hali, mai karin ƙasa-sama da gajeren wasali a ƙarshe, irin su zaune da tsaye. A (3) da (4) suna ne. Mai magana ba ya ruɗa su, domin kunne da muhallin kalma a jumla suna raba masa. Mai rubutawa ne ke buƙatar alamomi.

Bayanin da aka saba bayarwa shi ne cewa (4) daga (1) ta fito: asalin tashe kewayen da ake yi da kiɗa cikin dare don ta da mutane su yi sahur. Wannan aiki yana da takwara a Masar, inda mai ganga ke bin unguwa yana kiran mutane kafin alfijir. Idan haka ne, ma'anar kalmar ta yi tafiya mai nisa: daga ƙarshen dare ta dawo farkonsa, daga manya ta sauko ga yara, daga hidima ta zama wasa. Yaran da ke tashe bayan asham ba su ta da kowa, kowa idonsa biyu. Sunan ya zauna bayan aikin da ya haife shi ya koma hannun lasifikar masallaci da agogon wayar hannu. Ɗalibin ilimin ma'ana zai daɗe bai sami misalin da ya fi wannan tsabta ba.

Abin da ruwa ke taɓawa

Hausawa sun kasa azumi uku: goman marmari, goman wuya, goman ɗokin salla. Tashe ya zaɓi ta tsakiya, kuma ba a rasa dalili ba. Daga daren goma zuwa wajen sha bakwai wata yana sama tun farkon dare ko jim kaɗan bayansa, yana haska lungu ga yaran da ba su da fitila. Hadari shi ne abu na farko da ke ƙwace wannan gata. A Birni, inda lunguna ke da ƙunci, suna karkacewa tsakanin katangun ƙasa da manyan duwatsun da garin ya zauna a kansu, daren da gajimare ya rufe wata duhu ne sosai. Indararo na zubo da ruwan soraye cikin lungu, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu suna cika, katangar da ta sha ruwa kwana uku kuma abin tsoro ce. Wanda ke ganin an kambama, ya tuna tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, wanda ruwan sama ya rushe a farkon Satumba 2024. Uwar da ta hana ɗanta fita a irin wannan dare ba ƙin al'ada ta yi ba.

Sai kayan wasa. Wasannin da suka yaɗu a ƙasar Hausa kusan duk da kayan rani aka gina su. Mai yin Tsoho da Gemu yana buƙatar auduga ya liƙa a haɓa, da toka ko farar ƙasa ya shafa a kai. Yayyafi kaɗan ya isa ya mayar da tsohon yaro. Dokin kara sai da busasshen kara, wanda a watan Agusta ya ƙare a darni da murhu, sabo kuwa yana tsaye ɗanye a gona, ba mai yarda a karya. Fatar ganga takan saki idan iska ta yi laima, sai an gasa ta a wuta kafin ta yi amo. Kwali yana narkewa. Abin da ruwa ba ya yi wa komai shi ne gwangwani da jarka da galan da leda, waɗanda su ne dai kayan da zamani ya zubo wa gari. A nan yanayi da zamani suka tura abu gefe guda, har ya yi wuya a ce wannan ne ya kori ƙwarya ko wancan.

Mutanen ma sukan ragu. Hutun ƙarshen shekara na makarantun boko a Nijar yana kamawa daga Yuli zuwa Satumba, abin da a ido zai ba yara sarari. Amma lokacin ne na noma da maimai. Ƴan ci-rani sun koma ƙauyukansu, almajirai da yawa suna gonakin malamansu ko na iyayensu, yaron da ya yini da hauya ko kwashe a hannu kuma barci yake nema bayan shan ruwa. Tashen rani na gari ne cike da baƙi. Na damina na ƴan unguwa ne da suka san juna.

Akwai kuma wurin wasan. Gidan Hausa na gargajiya da zaure yake farawa, ɗakin da yake na gida ne kuma na waje. Ƙananan yara da ƴan mata suna wucewa har tsakar gida wurin mata, waɗanda kulle ya sa tashe ya zame musu kallon da ke zuwa har inda suke. Samarin da suka tasa kuwa a zaure ko ƙofar gida suke tsayawa. Idan ruwa ya sauko, zaure shi ne mafaka, shi ne kuma dandali. Yaran 1978 da ruwa ya tarar a Birni ko Zango ko Garin Malam suna da inda za su raɓa, su ƙarasa wasansu a gaban maigida da baƙinsa. Gidan siminti na sababbin unguwanni kuwa katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe. Babu ɗaki tsakanin titi da tsakar gida: ko a buɗe maka ka shiga, ko ka tsaya a ruwa kana bugun ƙarfe. Damina ta 2011 ta tarar da gari mai irin waɗannan gidaje fiye da wanda ta bari a 1978, kuma wannan sauyi ba ya cikin waɗanda juyawar wata za ta mayar.

Maganar bakin ƙofa

Tashe ciniki ne na magana, yana da matakai sanannu. Yara su yi sallama, su nemi izini. A ce su yi, ko a sallame su tun ba su fara ba. Su yi wasan, a ba su, su yi addu'a su wuce. Kowane mataki yana da kalmominsa, kuma a nan mai nazarin walwalar harshe zai sami abin tsinta fiye da cikin waƙoƙin kansu, waɗanda an riga an tattara da yawa.

A dubi hanyar ƙi. Bahaushe ba ya ce wa mai roƙo babu kai tsaye. Yakan ce Allah ya ba da haƙuri, ko Allah ya ba mu mu samu. Waɗannan kalmomin sallamar almajiri ne. Idan aka faɗa wa ƴan tashe su, an sa su a layin masu bara ke nan, alhali su a ganinsu wasa suka kawo, abin da za a ba su kuma tukuici ne. Sunan da mai bayarwa ya kira abin da ya bayar, sadaka ko kyauta ko tukuici, yana nuna matsayin da ya ba al'adar baki ɗaya. Mai cewa sadaka lada yake nema a watan lada. Mai cewa tukuici ya yarda an yi masa wani abu. Haka nan yaran suna da makaminsu, domin tashe, kamar sauran wasannin barkwanci, yana da lasisin zambo da habaici. Marowaci ya san abin da zai biyo bayan rowarsa, gwauro kuwa, wato wanda ya taɓa aure ya rabu, saɓanin tuzuru da bai taɓa yi ba, yana da wasa sukutum a kansa, wanda a Kano Nalako ke jagoranta. A shekarar da kowa ya san rumbun maƙwabcinsa ya yi ƙasa, zambon marowaci yana rasa kaifinsa, domin ba a yi wa wanda ba shi da shi gori. Wannan ma wani abu ne da damina ke yi wa harshen tashe.

Sunayen cikin wasannin ma abin lura ne a gari irin Damagaram, wadda ta daɗe tana biyayya ga Barno, ta kuma gaji sarautu irin su Ciroma da Galadima da Yarima daga can. A wasan ƴan mata na Mairama da Daudu, inda ake kwaikwayon zaman aure, Mairama sauyin Maryamu ne a bakin Hausa. Amma a Barno mairam laƙabin ɗiyar sarki ne, Daudu kuma sarauta ce a ƙasar Hausa. Kunnen da ya saba da Barebari yana jin sunan da nauyin da kunnen Zazzau ba lalle ya ji ba.

Daga tiya zuwa dala

Abin sallama na asali hatsi ne: ɗan gero ko dawa a tafin hannu ko a ludayi, yara su zuba a jaka, in an gama a sayar ko a dafa a ci tare. Watan Agusta kuwa shi ne ƙarshen tsohon hatsi kafin sabo, lokacin da tiya ke kai ƙololuwar tsadarta a Kasuwar Dole. Ga kuma zakkar fid da kai tana jira a ƙarshen wata, mudun Annabi huɗu a kan kowane rai na gidan. Matar da ke da wannan lissafi a ka, hannunta ba zai sake ba kamar na wadda azumi ya tarar a watan Disamba, rumbu cike.

Yau kuɗi ne suka rinjaya, kuma sun shigo da nasu harshen. Bahaushen Nijar ba ya ƙidaya sefa da tamma ɗaya-ɗaya. Da dala yake ƙidayawa, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Saboda haka 25 dala biyar ce, 50 dala goma, 100 dala ashirin, 500 dala ɗari, 1000 kuma jika. Yaron da ya koyi lissafi da Faransanci a lakwal da safe, da dare yana raba kuɗin tashe da wannan tsari na ninki biyar ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ta rage abin da ƙaramin tsaba ke saye, ta ɗaga mafi ƙarancin abin da za a iya miƙa wa yara ba tare da kunya ba. Bambancin ya wuce na ƙima. Hatsi a hannun mata yake, a cikin gida. Kuɗi a aljihun maza suke, a shago da tasha da bakin titi. Da abin sallama ya sauya, sai ƙafar ƴan tashe ta bi shi. Mai shago yana da rumfar kwano da fitilar lantarki, wato yana da abubuwa biyun da daren marka ke hana yara. Wasan da aka tsara don tsakar gida, mai tsawo, mai amshi da maimaici, dole ya gajarta idan a gaban mai ciniki ake yin sa. Abin da ke fara zubewa shi ne baitocin tsakiya, inda tsofaffin kalmomi ke ɓuya: sunayen itatuwa da saiwoyi a wasan Jatau Mai Magani, sunayen kayan ɗaki da na aikin gida a wasannin ƴan mata.

Dare kansa ya sami masu shi da yawa. Tafsiri da tahajjud sun ƙaru, wasu malamai suna ganin tashe shagala ce a watan ibada. Talabijin da wayar hannu sun ba mata kallon da ba ya buƙatar sallama. Samari sun koma fada, wato majalisar shayi ta bakin titi, wadda Adeline Masquelier ta rubuta littafi a kanta a 2019. Kalmar ma abin nazari ce: fadar sarki ce aka ara aka ba dandalin marasa aiki, sannan a Damagaram aka sami ƙungiyoyin da ake kira pale, daga kalmar Faransanci mai ma'anar fada, waɗanda sunansu ya haɗu da faɗan unguwa, kamar yadda fim ɗin Aïcha Macky na 2021 a kan unguwar Kara-Kara ya nuna. Inda iyaye ke tsoron dare, ƙananan yara ne ke fara rasa izinin fita. A Kano abin ya kai rundunar ƴan sandan jihar ta sha sanar da hana tashe a shekarun baya-bayan nan, bisa dalilin ɓata-garin da ke fakewa da shi.

Na kusa da na nesa

Tashe ba shi kaɗai ba ne. Yaran Zabarmawa a Yamai suna da tobay-tobay, na Bamako suna da yogoro da salawale-wale, a Wagadugu kuma akwai dodo, wanda sunansa ma ya nuna fataken Hausa ne suka kai shi. A Ƙatar da Kuwait yara suna bin gidaje a tsakiyar Ramadan ana ba su alewa da gyaɗa. Duk waɗannan wata suke bi. Wanda ya fi shahara a duniya kuwa, Halowin na Amurka da Kanada, rana yake bi: daren 31 ga Oktoba, yara su yi shigar dodanni su ƙwanƙwasa ƙofofin unguwa, da kalmar da ke ba maigida zaɓi tsakanin ba da alewa da shan tsiya. Tun da dare ɗaya ne tak, ruwa na iya cinye shi ɗungum. A 2019 hukumar birnin Montreal ta nemi a ɗage shi zuwa 1 ga Nuwamba saboda hasashen ruwa da iska, jama'a suka rabu biyu a kan ko hukuma na da ikon ɗage al'ada. Tashe bai taɓa buƙatar wannan ba, domin darare goma gare shi, ruwan Sahel kuwa yakan zuba ne ya ɗauke. Amma a wani fannin sun yi kama ƙwarai: can ma iyaye da yawa sun ɗauke yara daga ƙofofin maƙwabta, sun mai da su filin ajiye motoci na makaranta ko coci, ko manyan kantuna, inda ake raba alewa a idon manya. A wuraren biyu ƙofar maƙwabci ce ake bari.

Abin da ɗalibi zai iya tattarawa

Akwai tsara uku a raye da suka yi tashe a damina. Na 1945 sun haura shekara tamanin da biyar, sun yi ƙaranci ƙwarai. Na 1977 zuwa 1981 suna tsakanin hamsin da sittin da ƴan kai. Na 2009 zuwa 2014 kuwa da yawansu suna jami'a yanzu ko sun gama ba da daɗewa ba, wasunsu ma suna cikin masu karanta wannan mujalla. Idan aka kwatanta tsara ta biyu da ta uku, yanayi ɗaya ne, zamani ne ya bambanta. Duk abin da ya saɓa tsakaninsu na zamani ne. Idan aka kwatanta tsara ta uku da yaran yau, ratar shekarun kaɗan ce, yanayi ne ya fi bambanta. Ba kasafai mai nazarin sauyin harshe ke samun bayanai da suka jeru da kansu haka ba.

Wasu sharuɗɗa ne ya kamata a kiyaye. A naɗi mata da maza daban, tun da wasanninsu daban ne, kuma mata ne suka fi riƙe maganar bakin ƙofa, su ne masu bayarwa. A rubuta unguwa, domin Birni unguwar sarauta ce, Zango ta fatake da Buzaye, ba lalle bakinsu ya zama ɗaya ba. A bar wa mai magana karin harshensa: wanda ya ce damana kada a gyara masa zuwa damina, wanda ya ce malka, kamar yadda ake ji a karin yamma, kada a mai da shi marka, domin irin wannan ne ke nuna daga inda iyali ko wasa ya zo. Kalmomin ruwa su kansu, daga yayyafi da tsattsafi zuwa marka da ambaliya, a tambayi inda kowace ta tsaya a bakin mai maganar. Duk abin da aka rera, a sa a sake faɗinsa da magana, saboda karin waƙa yana iya danne karin sautin kalma, ba kuma za a gane inda suka dace da inda suka saɓa ba sai an aza su gefe da gefe. A rubuta da ƙa'idar Nijar, mai amfani da ƴ inda Nijeriya ke sa alamar ɗauri kafin y, a kuma ƙara alamun karin sauti da tsawon wasali.

Tambayar shekarar haihuwa ba ta cika samun amsa tabbatacciya daga dattawa ba. Ta fi sauƙi a tambayi mutum abin da ake yi a gona lokacin da ya fara fita tashe, shuka ko noma ko girbi, da abin da aka zuba masa a jaka a gidan farko. Daga amsar, da jadawalin watannin azumi a hannu, ana iya ƙiyasta shekarar da kuskuren da bai wuce shekara biyu ko uku ba.